Ranar Da Babu Maroƙi: Ɗan Bahaushe a Gaban Masu Ɗaukar Aiki a Libreville

A wata daminar da na yi a Libreville, birnin da ruwa kan sauka kamar da bakin ƙwarya tun daga Oktoba har zuwa Mayu, na sauka a gidan wani dattijo ɗan kasuwa mai shago kusa da kasuwar Mont-Bouët. Iyayensa Hausawan Bitam ne, can arewacin ƙasar, kuma shi da 'ya'yansa duk 'yan Gabon ne, haihuwa da takarda. Wata rana bayan sallar isha'i ɗansa na biyu, saurayi ɗan shekara 26 da ya kammala karatun lissafin kuɗi, ya shigo ya zauna a gefen tabarma bai ce uffan ba. A ranar ne ya je ganawar neman aiki, abin da mutanen Najeriya ke kira intabiyu, a wani kamfanin katako. Da na tambaye shi yadda aka ƙare, sai ya ce, "Kawu, sun ce za su kira ni." Duk wanda ya taɓa neman aiki ya san fassarar wannan magana.

Washegari na ce ya ɗauko kujeru biyu mu maimaita abin da ya faru, ni in zama mai tambaya. Na ce, "To ɗana, gabatar mini da kanka." Sai ya faɗi sunan mahaifinsa da na kakansa da unguwar da aka haife shi, ya yi shiru. Na ce, "Me ka iya?" Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa, ya ce, "Ana dai taɓawa, Kawu, gwargwadon hali." Na ce, "Idan muka ba ka littattafan kuɗinmu na wata uku, za ka daidaita su kafin Litinin?" Ya ce, "In Allah ya yarda." Ko da na matsa masa ya ambaci aiki guda da ya yi da hannunsa, "mun yi" yake ta cewa, bakinsa ya kasa furta "na yi".

Abin da ya ba ni takaici shi ne na riga na san yaron. Tun yana ɗan shekara 14 shi ke riƙe da littafin bashin shagon mahaifinsa. Shi ke zuwa tashar jiragen ruwa ta Owendo idan kaya suka iso, ya yi ta fama da jami'an kwastan da takardunsu. Ya sha rako motar albasa daga kan iyakar Kamaru, ta Bitam da Oyem, har Libreville, tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin dokar daji. Yana jin Faransanci kamar kowane ɗan birnin, yana jin Hausa da harshen Fang, yana karanta Larabci, har Ingilishi yana tsinta a wajen abokansa 'yan Najeriya, a ƙasar da ta shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022 take kuma neman masu jin harshen. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai ambata ba a gaban mutanen nan. Da na nemi dalili, sai ya dube ni da mamaki, ya ce, "Haba Kawu, ai yabon kai jahilci ne."

Ra'ayina, wanda na san ba kowa ne zai yi na'am da shi ba, shi ne wannan karin magana ta yi mana rana shekaru aru-aru, amma mun ja ta mun kai ta inda magabata ba su ajiye ta ba, har ta zama takunkumi a bakin 'ya'yanmu a ranar da suka fi bukatar magana. Tarbiyyar yaron nan ce ta kayar da shi. Mu kuma da muka ba shi tarbiyyar, alhakin nuna masa inda iyakarta take yana wuyanmu.

Kafin a ga laifin kowa, ya kamata a tuna yadda Bahaushe yake samun abin yi a ƙasar baƙunta tun fil azal. Hausawa sun shigo arewacin Gabon ta Kamaru fiye da shekara ɗari da suka wuce, fatauci ya kawo su, suka kafa zango a garuruwan lardin Woleu-Ntem irin su Bitam da Oyem da Minvoul, a tsakiyar al'ummar Fang. Daga baya wasu suka gangaro Libreville, suka haɗu da sababbin zuwa daga Nijar da Najeriya da arewacin Kamaru, musamman bayan da kuɗin man fetur ya buɗa ƙasar a shekarun 1970. A tsawon wannan zamani ba a san mutum ya zauna a gaban tebur yana lissafa gwanintarsa ba. Baƙo kan sauka a wajen mai gida, ya ci tuwonsa, ya kwana a zaurensa, a yi ta lura da shi ba tare da ya sani ba. Yana tashi sallar asuba? In an aike shi da kuɗi yana dawo da canji cif? Yaya yake da yaran gida? Bayan 'yan watanni sai mai gida ya kama hannunsa ya kai shi wajen wani attajiri, ya ce, "Alhaji, ga yaro nan, na tsaya masa." An gama ganawa ke nan, kuma yaron bai buɗe baki ba.

Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafin da ya fito a 1969 a kan yadda Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro a can. Abin da ya nuna shi ne dukiya mai ɗimbin yawa tana yawo bisa bashi, babu banki babu alƙali, don kawai mai gida ya tsaya wa baƙonsa, dillali ya san mahaucin da zai biya da wanda ba zai biya ba, wanda kuwa ya ci amana sau ɗaya labarinsa ya riga shi isa ko'ina. Irin wannan tsari ne a zangunan Hausawa daga Kumasi har Yawunde. A cikin duniya irin wannan, shirun yaro shi ne shaidarsa, mai cika baki a gaban manya kuma shi ake zargi. Kullum akwai mai magana a madadinka, ko mai gida, ko dillali, ko maroƙi a wajen biki. Ga kuma tsoron kambun baka, wanda ya sa mutum ba ya faɗar ribar da ya ci ko adadin dabbobinsa. Ashe karin maganar ta dace da zamaninta, ta zauna daram.

Sai dai Libreville ta yau ba zango ba ce. Gabon ƙasa ce mai mutane miliyan biyu da ɗoriya, mafi yawansu a birane, kuma ƙididdigar Bankin Duniya ta daɗe tana nuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na matasan da ke neman aiki ba su samu ba. A 2018 gwamnati ta dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata don tsuke bakin aljihu, ba a sake buɗe ƙofar sosai ba sai bayan juyin mulkin 30 ga Agustan 2023, wanda ya kawo Janar Brice Oligui Nguema. Aikin da ya rage yana hannun kamfanoni. Tun da aka hana fitar da gungumen itace ɗanye zuwa waje a 2010, masana'antun katako suka cika yankin Nkok, kilomita kamar 27 daga birnin, da yawa daga cikinsu na Indiyawa da 'yan Sin. Ga ma'adinin manganis da jirgin ƙasa ke ɗaukowa daga Moanda zuwa Owendo, ga man fetur a Port-Gentil. Matar da ke zaune a ofishin ɗaukar ma'aikata na irin waɗannan wurare ba ta san mai gidanka ba, ba ta taɓa jin sunan kakanka ba. Minti ashirin gare ta, da tulin takardu a gabanta.

Ita ma tsohuwar mafakar tana ƙara ƙuncewa. A watan Agustan 2025 gwamnati ta sanar da keɓe wasu ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasa kaɗai, cikinsu har da ƙaramin kasuwanci na cikin unguwa, da gyaran waya, da aski da kitso na bakin titi. Ɗan ci-ranin da a da zai fara da tebur ya ƙare da shago, yanzu sai ya sake lissafi, kuma in aikin kamfani yake so, sai da katin zama daga hukumar shige da fice ta DGDI da izinin ma'aikatar ƙwadago. Wanda ba shi da su kada ya yaudari kansa da iya magana. Shi kuma ɗan ƙasa irin yaron mai masaukina, matsalarsa dabam ce: shagon uba ɗaya ba zai ɗauki 'ya'ya bakwai masu takardun digiri ba.

Yanzu mai karatu ya zagaya ɗaya gefen teburin, ya dubi yaronmu da idon wanda bai san mu ba. Sunkuyar da kai, wanda a gidanmu ladabi ne, a wajensa alamar mai ɓoye wani abu ce, ko marar tabbas da kansa. "Gwargwadon hali" yana nufin bai iya ba. "Mun yi" yana nufin wasu suka yi shi yana kallo. "In Allah ya yarda" kuwa, in ta zo ita kaɗai ba tare da "e" a gabanta ba, mai sauraro kan ji ta a matsayin hanyar zillewa, kuma mu faɗi gaskiya, mu kanmu mun sha amfani da ita a haka idan ba mu da niyyar zuwa biki. Babu ƙiyayya a cikin wannan fassara. Mutum ne yake karanta wasiƙa da haruffan da ya sani.

To, shin al'adarmu ba ta da wurin da mutum ke faɗar kansa? Tana da shi, har ma ta yi masa suna: kirari. Ɗan dambe kan fito tsakiyar fage ya ɗaga hannu ya faɗi ko shi wane ne da waɗanda ya kayar. Mafarauci yana yi, ɗan tauri yana yi, gwarzon manomi a wajen gayya yana yi. Ban taɓa jin wanda ya kira su jahilai ba. Dalili kuwa a fili yake: a bakin fage suke yi, lokacin da aka nemi a san su, kuma gwaji yana biye da maganar nan take. Wanda ya yi kirari ya sha ƙasa, shi da kansa zai rage murya gobe. Yabon da Hausawa suka kira jahilci shi ne wanda babu wanda ya tambaya, babu kuma fagen da za a gwada shi, irin na mai zaman majalisa da ke ba da labarin arzikin da ba a gani ba. Ɗakin ganawar neman aiki fage ne. An kira ka, an tambaye ka, kuma watannin gwaji suna jiran ka a bayan ƙofa.

Ga wanda yake son hujja daga wajen malamai, ƙissar Annabi Yusuf ta isa. Da ya tsaya a gaban sarkin Masar, shi da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci siffofinsa biyu, tsare amana da sanin aiki. Malaman tafsiri sun ciro daga nan cewa ya halatta mutum ya bayyana cancantarsa idan ba a san shi ba kuma akwai bukata. A ƙissar Annabi Musa a Madyana kuwa, wata ce ta yi masa shaidar ƙarfi da amana a wajen mahaifinta har aka ɗauke shi aiki. Hanyoyin biyu duk suna nan, ta a tsaya maka da ta ka faɗi da bakinka. Mu ne muka riƙe ɗaya muka manta da ɗayar.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Bahaushe gwani ne wajen bayyana haja. Sa yaron nan a bayan kanta ka ga yadda zai warware maka turmin atamfa, ya faɗa maka inda aka saƙa ta, da dalilin da ba za ta zuba ba, yana kallon ƙwayar idonka. Wannan ilimin shi ake bukata, a juyo da shi kawai. Dillalin kirki ba ya shiga kara bai san farashin shanu na makon ba, haka bai kamata mai neman aiki ya shiga kamfani bai san abin da suke yi ba. Na tambayi yaron wane itace kamfanin nan ke sarrafawa, ya ce katako dai. Alhali duk wanda ya girma a Gabon ya san okume, itacen da ake feƙewa falle-falle a manna a yi allo, wanda ya daɗe yana ciyar da ƙasar tun kafin fetur. Da ya san ko okume suke yi, da ƙasar da suke kai wa, da hanyar da kayansu ke bi zuwa Owendo, da ya sami inda zai rataya labarinsa na kwastan. Sanarwar aikin ma, ko a jaridar L'Union ta fito ko a ofishin samar da aiki na ƙasa, wanda a da ake kira ONE yanzu kuma PNPE, ita ce jerin tambayoyin da za a yi maka, in ka karanta ta da natsuwa.

Muka zauna muka sake gina amsarsa, ba mu ƙara ko ƙwayar zarra a kan gaskiya ba. Maimakon "ana taɓawa", sai ya ce: "Shekara 12 ina riƙe da littafin shagon sayar da kayan masarufi. Ni nake bin bashin abokan ciniki kusan 60. Lokacin da na karɓi littafin ana rubuta bashi a kan kwali, ni na mayar da shi cikin kwamfuta, kuma tun daga nan ba mu sake rigima da kowa a kan adadi ba." Babu kalmar yabo ko ɗaya a cikin wannan. Bai ce shi haziƙi ne ba, bai ce shi amintacce ne ba. Abin da ya faru ya faɗa, da adadinsa, ya bar mai sauraro ya yanke hukunci. A nan ne, a ganina, mafita take ga duk wanda kunya ta yi wa dabaibayi: siffanta kai yana da nauyi a bakin Bahaushe, amma ba da labari ba shi da nauyi, kuma labarin ya fi siffar shiga kunne. "In Allah ya yarda" ma ba mu cire ta ba. Gurbinta muka gyara: "E, zan gama kafin Litinin, in Allah ya yarda."

Akwai tambayar da ke firgita matasa, wato a ce ka faɗi rauninka. Ɗan kasuwa Musulmi ya san hukuncin ɓoye aibin haja, ya kuma san cewa wanda ya ce maka "ga inda ta ɗan tsage, shi ya sa na rage maka" shi kake komawa gobe. A faɗi aibi na gaskiya, ƙarami, tare da abin da ake yi don gyara shi. Yaron ya ce bai taɓa aiki da manhajar lissafi irin ta manyan kamfanoni ba, amma ya fara koyo a wajen wani abokinsa. Wannan ya fi amsar da ake haddacewa daga intanet, ta cewa wai aibina shi ne son aiki fiye da kima, wadda masu tambayar sun ji ta har ta gundure su.

Sai batun albashi, inda na ga abin dariya da ban tausayi a haɗe. Mutumin da zai yi rabin sa'a yana ja-in-ja a kan buhun shinkafa, yana cewa "albarka" har sai an kai inda yake so, shi ne za a tambaye shi nawa yake bukata ya ce, "Duk abin da kuka bayar." A Libreville ko tasi za ka shiga sai ka yi tayi, ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya, direba ya yarda ko ya wuce. Doka ta sa mafi ƙarancin albashi a sefa 80,000, kuma tun 2010 aka ce jimillar abin da ma'aikaci ɗan ƙasa zai karɓa a wata, har da alawus, kada ta gaza sefa 150,000. Wannan ƙasan rijiya ne, a birnin da kuɗin haya da na abinci suke da tsada ƙwarai saboda yawancin abin da ake ci daga waje yake zuwa. Mai takardar digiri ya binciki abin da ake biyan irinsa, ya faɗi adadi da bakinsa. Ya kuma tambaya ko kwantiragin na ƙayyadadden lokaci ne ko na dindindin, watanni nawa ne gwaji, kuma za a yi masa rajista a asusun fansho na CNSS da inshorar lafiya ta CNAMGS. Ɗan'uwanmu da ya taso daga Maradi yana ƙirga kuɗi da dala da jaka, don Allah ya yi lissafinsa tun a gida, kada ya tsaya yana ninkawa da biyar a gaban mutane.

Sauran ƙananan abubuwa ba sai an daɗe a kansu ba. Takardar tarihin karatu da aiki, da wasiƙar neman aikin, da kwafin takardun makaranta da aka buga wa hatimi a ofishin magajin gari, da takardar shaidar rashin laifi daga kotu wadda ba ta wuce wata uku ba, duk a haɗa su tun jajibiri. Wanda ke zaune a unguwannin PK ko Nzeng-Ayong ya san abin da cunkoson safiya da ruwan sama ke yi wa alƙawari, ya fita da wuri. Gaisuwa a taƙaita ta, ba a tambayar gajiya da iyali da kwanan gida. Wajen girmamawa kuwa mun riga mun ci riba, domin "vous" na Faransanci shi ne "ku" da muke ce wa manya tun muna yara.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mini: duk wannan wasan kwaikwayo ne, an riga an ba ɗan wani aikin, sai mai uwa a gindin murhu. A Gabon ma suna da sunan abin, "piston" suke ce masa. Ba zan musa ba, yana faruwa, a Libreville da Kano da Yamai. Amma kamfanin da ke ƙirga ribarsa, ko ya ɗauki ɗan wani don a zauna lafiya, dole ya nemi wanda zai yi aikin da ɗan wanin ya kasa, kuma wannan gurbin ta ganawa ake shigarsa. Sannan kada mu haɗa alfarma da lamuni. Mai gidan da ya ce "na tsaya masa" yana nufin in yaron ya gudu da kuɗi shi zai biya. Mai alfarma kuwa waya kawai yake bugawa, in abu ya lalace ba ruwansa. Tsarin kakanninmu ya fi kusa da abin da kamfanoni ke nema idan suka ce ka kawo sunayen mutum biyu da za su yi maka shaida. Wannan gadonmu ne, sai dai yanzu a rubuce ake son sa, da hatimi da lambar waya.

Wani kuma zai ce, in muka koya wa yara kallon idon manya da faɗar "ni na yi", me ya rage na kunya? Wannan tsoro ne na gaskiya, ban raina shi ba, don na ga samarin da suka koyi buɗe ido suka manta da rufe shi. Amma Baturen nan Kirk-Greene, da ya tattara siffofin mutumin kirki a wajen Hausawa a wani rubutunsa na 1974, ya lissafa kunya tare da gaskiya da amana da haƙuri da hankali da sauransu, bai ajiye ta ita kaɗai ba. Hankali shi ke gaya wa mutum wurin da kowace siffa take aiki. Wanda aka tambaye shi abin da ya iya don a damƙa masa dukiyar mutane, ya rage, ya ɓoye, ya ce bai iya sosai ba alhali ya iya, ya tauye gaskiya ne da sunan kunya. Kuma yaron da ya dubi fuskar mai ɗaukar aiki da safe, babu abin da zai hana shi durƙusawa ya gaida mahaifinsa da yamma. Muna sauya harshe sau goma a rana a kasuwar Mont-Bouët ba mu ɓace ba.

Akwai abubuwan da ban ce a sayar ba. Wanda ba ya musabaha da mace, ko wadda ba ta yi da namiji, ya riga ya dafa ƙirji da murmushi da gaisuwa mai kyau tun kafin a miƙo hannu, don kada a bar hannun mutum a iska. Juma'a ranar aiki ce a Gabon, saboda haka wanda yake son zuwa masallaci, ko na Hassan II ne ko na unguwa, ya bari sai maganar ɗauka ta kankama, sannan ya faɗa a sarari tare da yadda zai rama lokacin. In kuma aka ji sunanka aka ce, "Asalinka daga ina?", alhali a Oyem aka binne kakanka, ka amsa da sanyin rai, ka faɗi garinku da makarantar da ka yi, ka koma kan maganar aiki. 'Yan matanmu su ne abin ya fi yi wa nauyi, don an ninka musu darasin shiru sau biyu. Na ga yarinyar da ta fi kowa maki a ajinsu, amma in tana magana sai ka matso da kunne. Ita mayafinta ba ya hana ta komai, muryar ce ba a taɓa ba ta izinin ɗagawa ba, kuma wannan izini daga gida yake fitowa.

Dare uku muka yi muna wannan maimaici a bayan shago. A dare na uku ban lura ba ashe mahaifinsa yana zaune a bayan buhunan shinkafa yana ji. Yaron ya kawo labarin wata shekara da kaya suka maƙale a Owendo saboda kuskuren lamba a takarda, ya faɗi yadda ya gano kuskuren, da ofisoshin da ya bi, da kwanakin da ya ɗauka kafin a saki kayan, yana cewa "na je", "na rubuta", "na koma". Da ya gama sai dattijon ya yi gyaran murya. Yaron ya zabura ya miƙe, kunya ta rufe shi, kai a ƙasa kamar an kama shi da sata.

Dattijon ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya dube ni ya ce, "Malam, wallahi ni na ɗauka clearing agent ɗin nan ne ya fitar da kayan." Ya juya wajen ɗansa ya ce, "Kai, me ya hana ka faɗa mini tun lokacin?" Yaron ya ce, "Baba, ai ba ku tambaya ba."

Da safe dattijon ya sa aka buga takarda da Faransanci, mai shaida cewa wane ya riƙe lissafin shagonsa shekara 12, ya sa hannu, ya danna hatimin shago, ya rubuta lambar wayarsa a ƙasa da hannunsa. An kira yaron wata ganawar a Nkok ranar Alhamis, ranar da ni kuma jirgina zai tashi. Ƙarfe biyar da rabi na asuba na ji ƙarar ƙofa, na leƙa ta taga, na hango shi ya naɗe takardunsa cikin leda saboda ruwa, yana tsaye a bakin titi yana yi wa mai tasi tayi.